'Yarki a Ɗakin Gwaje-Gwaje: Aiki Take Ko Kallo?

  Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, sannu da aiki, a ɗan matso da rediyon kusa.

Yau wani ɗaki zan shigar da mu wanda yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba, amma 'ya'yanmu da ƙannenmu suna shigarsa duk mako, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na jami'a, wanda ɗalibai ke ce wa lab. Wata za ta ce, ni da ko zaure ban cika leƙawa ba, ina ruwana da lab? Da ruwanki, uwargida. Ke ce kika sayar da akuya ko kika kwashi adashi aka cike kuɗin rajista. Ke ce kuma ranar da jiki ya ƙi daɗi aka kai ki asibiti, kike addu'ar Allah Ya sa mace ce za ta ɗebi jininki ta auna. To, a wannan ɗakin ake koya wa macen nan aikinta, in an bar ta ta koya.

A da, yarinyar Dutsi da ke son karatun kimiyya mai zurfi sai ta doshi Zariya ko Kano ko Sakkwato, shi ya sa iyaye da yawa ke cewa a'a tun ba a gama tambaya ba. Yanzu makarantun sun matso. A 2006 aka kafa jami'ar jiha a Katsina, wadda yau ake kira Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ga Jami'ar Alƙalam, ga ta tarayya da aka kafa a Dutsin-ma a 2011. A Daura akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka samar a 2019, da jami'ar sufuri da aka aza harsashinta a ƙarshen wannan shekarar, da makarantar koyon aikin lafiya. Daga Shargalle mota ɗaya ta isa ta kai yarinya Katsina ko Daura. Shiga dai an fara samu. Abin da ya rage mu tambaya shi ne, bayan an shiga, me ake yi a ciki?

Karatun kimiyya kashi biyu ne. Akwai na aji, inda malami ke bayani ana rubutawa. Akwai kuma na hannu, wanda suke kira firaktikal, sau da yawa awa 3 ake yi a tsaye. Ɗaki ne mai dogayen tebura da famfunan ruwa da bututun gas da kwalabe iri-iri, kowa sanye da farar riga. Kayan aikin tsada gare su, ɗalibai kuma sun yi yawa, don haka ba a iya ba kowa nasa. Sai a kasa su rukuni-rukuni, mutum 4 ko 6, wani lokaci har 10 ko fiye a kan kayan aiki ɗaya. Su yi aikin tare, su rubuta rahoto, malami ya ba da maki. A wurare da dama makin na rukunin ne gaba ɗaya, wanda ya yi da wanda ya tsaya kallo duk kuɗinsu ɗaya.

Bari in ba ki misali da wani aiki da kusan duk ɗalibin kemistiri na shekarar farko yake yi, tun ma a jarrabawar WAEC da NECO ake fara shi. Taitireshan sunansa, amma kada sunan ya razana ki, don kin daɗe kina yin sa a madafa. In kina miyar yakuwa tsami ya yi yawa, me kike yi? Ki jiƙa kanwa, ki riƙa tsiyayawa kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa har tsamin ya mutu. In kuwa hannunki ya zarce, kanwa ta fito, miya ta sake launi, sai a yi ta kallon-kallo a wurin cin abinci. To shi ke nan fa. Abu mai tsami shi masana ke kira asid, dangin kanwa da toka kuma su ne masu kashe shi. Bambancin kawai, a lab ba a ɗanɗana komai, sam, don wasu sinadaran guba ne, wasu kuma ƙuna suke. Sannan a can ba a cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai an auna.

Ana zuba asid ɗin a wani dogon bututun gilashi mai zanen awo a jikinsa, mai cin mililita 50, da ɗan famfo a ƙasa. Buret ake ce masa. Sai a auni mililita 25 na ruwan dangin kanwa a juye a wata kwalba mai faɗin gindi, a ɗiga mata ɗigo 2 ko 3 na wani rini, ruwan ya zama rawaya. Daga nan hannun hagu ya kama famfo, na dama yana kaɗa kwalbar, asid yana sauka. Da farko a sakar masa, in an kusa sai ɗigo-ɗigo. Akwai ɗigo ɗaya tak wanda da ya faɗa, launin zai juya daga rawaya zuwa ruwan goro. Nan ake tsayawa cak. Sai a sunkuya, ido ya yi daidai da saman ruwan da ya rage a bututun, a karanta awon. A maimaita aƙalla sau 3 har awon ya zo kusa da juna.

Wannan ɗigo ɗayan ba a koyonsa da kallo. Ke ma shaida ce, yarinyar da ta shekara tana kallon ki kina tuƙa tuwo, ranar da aka fara miƙa mata muciya sai tuwon ya yi gudaji. Hannu ne ke koyo.

To a nan gizo ke saƙar. Malami ya gama bayani ya ce a fara. Kafin ƙiftawar ido wani saurayi ya riga ya kai hannu kan famfo, galibi wanda ya fito daga sakandare mai kayan aiki. Wani ya ɗauki kwalba. Sai a juyo a dubi yarinyar da ke can baya a ce, "Hajiya, ke rubutunki ya fi kyau, riƙe mana littafin." Ita ma har ta ji daɗi, don an raba ta da kutsawa cikin maza. Mako na biyu ba sai an faɗa ba, da kanta za ta zaro biro. Haka zango zai ƙare, shekara ta ƙare, makinta lafiya lau, amma hannunta bai taɓa murɗa famfon nan ba. Abin da ya fi ba ni takaici, wata ta fito ne daga makarantar kimiyya ta 'yan mata irin ta Sandamu ko Ajiwa, inda ba wani namiji da zai riga ta, komai da hannunta ta yi. Ta iya. Zuwa jami'a ne ya mayar da ita 'yar kallo.

Kada a ce kunyar Bahaushiya ce kawai. A Amurka ma, inda ba ruwansu da irin kunyarmu, an tarar da haka. A 2020 wata malamar fiziks mai suna Natasha Holmes da abokan aikinta a Jami'ar Konel sun fitar da sakamakon wani bincike, bayan sun bi ɗalibai a lab suna lura da abin da kowa yake yi. Sun ga cewa a inda aka sakar wa ɗalibai su shirya aikinsu da kansu, maza sun fi riƙe kayan aiki, mata kuma sun fi zama gaban kwamfuta. Kuma ba wai an zauna ne an raba aikin haka da baki ba. Kaɗan-kaɗan abin ke taruwa, wannan ya miƙa hannu, waccan ta ja baya, har ya zama al'ada. A wannan shekarar dai wasu malamai a Jami'ar Fitsbag suka tattauna da ɗalibai, suka bayyana hali biyu da mata ke yawan faɗawa. Ɗaya ita ce sakatariya, wadda aikinta rubutu. Ɗayar kuma ita ce mai ɗaukar nauyin kowa: ita ke karanta umarnin aiki, ita ke tunatar da lokaci, ita ke bin wanda bai kawo nasa ba, har ta rasa sukunin taɓa na'urar. Wannan ta biyun duk mun san ta, kowane gidan biki akwai ta.

Ni aikin jarida na karanta, ba kimiyya ba, amma mu ma muna da namu ɗakin, situdiyo. A lokacinmu in an kasa mu, maza ke riƙe kyamara da na'urar haɗa sauti, mu kuma a ce muryarmu ta fi daɗi, mu karanta labarai. Yabo ne a baki, amma a aikace an rufe maka ƙofa ɗaya.

Ba ina raina rubutu ba ne, a fahimce ni. Gwajin da ba a rubuta shi daidai ba kamar ba a yi shi ba ne, kuma mai riƙe famfon da bai taɓa zama ya yi lissafi ba shi ma rabin ilimi gare shi. Matsalar ita ce mutum ya dawwama a aiki ɗaya. Ranar wanka kuma ba a ɓoyon cibi. Akwai lokacin da za a tura ɗaliba koyon aiki a asibiti ko ma'aikata na wasu watanni. Akwai binciken shekarar ƙarshe da za ta yi ita kaɗai. Akwai ranar da za a ajiye mata madubin likita da ɗigon jinin jaririn wata, a ce ta duba ko akwai ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A ranar babu rukuni. Ko a dubi gwajin jini kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024. In aka yi kuskure a gwajin sikila, gida guda aka jefa cikin wahala.

Maganin kuwa ba wani abu ba ne da za a yo odarsa daga waje. Yana cikin gidajenmu. Gidan da ke da mata biyu ko uku, me ya sa ba a faɗa kowace yamma a kan wadda za ta ɗora tukunya? Saboda an raba kwana tun farko. Mai baki da marar baki, kowacce ta san ranar girkinta, ba sai ta roƙa ba, ba sai ta ƙwata ba. Haka malaman da suka damu da wannan al'amari suke yi. Tun ranar farko a rubuta ayyukan rukuni: mai sarrafa kayan aiki, mai karanta awo, mai rubutu, mai duba lissafi da lokaci. A rubuta sunaye, a riƙa karɓa-karɓa. Aikin taitireshan ma kamar don haka aka yi shi, tunda sau 3 ake maimaitawa, kin ga mutum 3 za su iya riƙe famfo a zama ɗaya. A gaban kowane awo a rubuta sunan wanda ya yi shi. Malami kuma in ya zagayo, kada ya tambayi wanda ya ɗaga hannu, ya nuna wanda ya ga dama ya ce ya gwada a gabansa. Da rukuni ya san kowa ana iya kiransa, su da kansu za su tabbatar kowa ya iya.

Amfanin rabon da aka rubuta shi ne, ya ɗauke wa mai kunya nauyin yin magana. Yarinyar da aka yi wa tarbiyyar kada ta ɗaga murya gaban maza ba za ta iya cewa "matsa in yi" ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Amma in takarda ta ce yau ranarta ce, sai a matsa mata.

Sai batun yadda ake kasa su. Wasu malaman in suna da mata 5 da rukuni 5, sai su jefa ɗaya a kowane, a ganinsu adalci ke nan. A ganina wannan ne ya fi cutar da su. A 2015 wata malama mai suna Nilanjana Dasgupta a Jami'ar Masacuset ta gwada ɗalibai mata masu karatun injiniya a rukunin mutum 4: wani mata 3 da namiji 1, wani biyu da biyu, wani mace 1 cikin maza 3. Inda mata suka fi yawa, a nan suka fi sakin jiki su yi magana, 'yan shekarar farko kuma fargabarsu ta ragu in ba su kaɗai ba ne. Saboda haka gara a haɗa mata biyu ko uku wuri ɗaya, ko da wani rukunin zai zama maza zalla. Wata za ta ce, to me zai hana a ware mata gaba ɗaya? Inda yawansu ya kai, ban ƙi ba, iyaye da mazaje da yawa ma hankalinsu zai fi kwanciya. Sai dai kada mu ruɗi kanmu, a cikin mata ma akwai mai babakere. 'Yar birni mai Turanci a baki za ta iya yi wa 'yar ƙauye abin da namiji ke yi mata. Rabon kwana dai ba makawa.

Kuma ba mata kaɗai ake bari a baya ba. Akwai yaron da ya fito daga sakandaren da bai taɓa ganin buret ba sai a zanen allo, yana jin kunyar a gane. Akwai mai i'ina. Akwai wanda idonsa ba ya rarrabe wasu launuka, lalurar da ta fi yawa a maza, shi wannan juyawar rawaya zuwa ruwan goro wahala take ba shi, sai ya riƙe famfo wani ya duba masa launi. Akwai mai sikila da ciwo zai kwantar ranar firaktikal, ya dawo ya tarar an wuce. Akwai gurgu a kan keke, teburin lab kuwa don mai tsayuwa aka yi shi, alhali ƙaramin tebur ɗaya ya isa ya warware matsalar. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a farkon 2024. Saboda haka uwar da ke da ɗa ko 'ya mai lalura ta sani, haƙƙi take nema, ba alfarma ba. Ko makanta ba ta rufe ƙofar ba: a Amurka akwai wani makaho, Cary Supalo, da ya kai matakin digirin digirgir a kemistiri, ya kuma yi aiki a kan na'urorin awo masu faɗar sakamako da murya.

Bari in ɗan tsaya a kan matan aure, don na san cikin masu sauraro akwai waɗanda maigida ya amince su koma karatu, akwai kuma masu surukai ɗalibai. Ita matar aure ba a lab ake fara barin ta ba, a wajen rubuta rahoto ne. Rukuni ya ce a haɗu bayan isha'i, ita kuwa kafin magariba dole tana gida. Sai a ce, "Anti, ke dai kawo kuɗin firintin, za mu sa sunanki." Tausayi ne, amma tausayin da ke raba ta da ilimin da ta baro 'ya'yanta dominsa. Abin da ya dace, a gama lissafi tun kafin a bar ɗakin, sauran kuma a sa lokaci da rana. In ta waya za a tura, a tuna ba kowa ke da babbar waya ko kuɗin data ba.

Sai maganar juna biyu. Na san mu da kunyar cikin fari, ko uwa ba a iya faɗa wa da baki. Amma a lab akwai sinadaran da bai kamata mai ciki ta riƙa shaƙa ba, irin su fomalin da ake adana naman dabbobi a ciki. Ta samu malama mace ko ma'aikaciyar ɗakin ta sanar da ita a asirce, a sauya mata aiki a irin waɗannan ranaku, ba a cire ta daga rukuni ba. Goyo kuwa ba a shiga da shi ciki ko kaɗan. Hijabi ma ba ya hana aiki, sai dai a san irin wanda za a sa. Ana kunna wutar gas a kan tebur, dogon hijabi mai baza, musamman na yadin roba, in ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata. In za ki yi wa 'yarki sayayyar makaranta, haɗa mata da ƙaramin hijabi na auduga wanda za ta cusa cikin farar rigar, da takalmi rufaffe. Ki kuma ja mata kunne kada ta yarda ta zuƙi sinadari da baki ta bututun awo, akwai 'yar robar da aka yi don haka.

Saura ke, uwargida, da kike nan cikin gida. In ta zo hutu, yawanci tambayarmu ita ce, "Kin ci jarrabawa?" Ƙara da wannan: "A firaktikal, me kika taɓa da hannunki?" In ta ce ita ke rubutu, tambaye ta tun yaushe. Koya mata kalmar da za ta faɗa cikin ladabi ba tare da ta zubar da mutuncinta ba, kamar, "Don Allah wannan zagayen ni zan riƙe." In kuma namiji ne ɗanki, shi ma akwai nasa. Ki ce masa in ya yi sau ɗaya ya miƙa wa na kusa da shi, in ya ga wani a baya ya matsa masa. Mu duba kanmu ma. Fitila mai caji ta lalace, ko wayar sola ta tsinke, wa muke ƙwala wa kira? Yaron, ko da ƙanen yarinyar ne. Ita kuma a ce ta kawo wuƙa ta riƙe masa tocila. Tun daga nan ake fara naɗa sakatariya.

Ga wani abu da za ki iya yi da yaranki gobe da hantsi, ba sai kin fita ko'ina ba. Ki jiƙa zoɓo ki tace, kada ki sa sukari, ki zuba daidai wa daida a kofin gilashi guda 3. Ki jiƙa 'yar kanwa daban, ki matse lemon tsami daban. Ki zuba cokali ɗaya na ruwan kanwa a kofin farko, za ki ga jan zoɓon ya gudu, ya yi duhu ya doshi kore-kore. Sai yaro ɗaya ya riƙa ɗiga lemon tsami yana kaɗawa, na biyu yana ƙirga ɗigon da ƙarfi, na uku yana rubutawa, har jan ya dawo. A kofi na biyu su canza aiki, a na uku su sake canzawa. In ƙirgar ta bambanta, kada ki ba su amsa, bar su su yi gardamar dalili, ko cokalin wani bai cika ba, ko ɗigon wani ya fi girma. Ki tabbata dai ƙaramar cikinsu ita ma lemon ya zo hannunta. Kayan abinci kawai za a yi amfani da su, ban da sodar sabulu, ban da ruwan batir.

Agogo ya nuna lokacinmu ya cika. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a gaida yara, a gaida maigida.